Na tara kuɗin keken surfani, ashe da sauran kashewa a gaba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai yara uku, ina ɗan taɓa ɗinki a gida. Shekara uku ke nan ina tara kuɗi don in sayi keken surfani mai kwamfuta, irin na gida mai allura ɗaya, in riƙa sa wa kayan yarana suna da fure, in kuma karɓi aikin mutane. Tun farko maigidana bai so ba. Ya ce ai ƙawata ta sayi irinsa, ga shi can a lulluɓe ko taɓa shi ba ta yi. Da ƙyar na shawo kansa, kuma kuɗin keken kaɗai na faɗa masa, don a lokacin iyakar abin da na sani ke nan. Da na fara bincike sai na ji ana maganar zare na musamman, da wata takarda da ake sa wa yadi ta baya, da manhajar zane, da kuɗin gyara. Abin da na tara ma bai cika kuɗin wanda nake so ba, Yayata ce ta ce za ta ara mini cikon. Mai sayarwa kuma ya ce rangwamen da ya yi mini zai ƙare ƙarshen wata. Ina tsoron in na koma wa maigida da wannan lissafi ya ce dama ya faɗa. In saya in yi shiru, in ya so daga baya na san yadda zan yi? Ko in haƙura gaba ɗaya? Abin ya hana ni barci.

Wata ƙanwarki.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Macen da ta iya danne zuciyarta shekara uku tana ajiye kuɗi, ga hidimar yara uku a kanta, ba ta ɗauki burinta da wasa ba, ni ma ba zan ɗauke shi da wasa ba. Amsata a taƙaice ita ce: kada ki saya a wannan watan, kada ki ɓoye wa maigidanki komai, kuma kada ki haƙura. Bari in warware miki dalilaina.

Batun rangwame shi ne mafi sauƙi, mu kawar da shi tukuna. Aikin mai sayarwa ne ya hanzarta ki, ba laifi ya yi ba. Amma waɗannan kekuna kamfanoni ne ke ƙera su dubu-dubu, kuma rangwame yakan tafi ya dawo. Ɗan abin da za ki rasa in wata ya ƙare bai kai asarar sayen keken da bai dace da ke ba, ko sayensa ki dawo gida hannu babu ko kuɗin zare.

Abin da kika gano gaskiya ne. Zaren da kike ɗinki da shi ba shi ake surfani da shi ba. Na surfani ya fi santsi da sheƙi, yawanci mai lamba 40, ko dai na foliyesta ko na rayon. Na rayon ya fi ƙyalli, amma na foliyesta ya fi jure wanki da bilic, don haka tunda kayan yara ne a ranki, shi za ki nema. Akwai kuma zaren ƙasa daban, siriri, mai lamba 60 ko 90, galibi fari ko baƙi. Shi zaren ba ya saurin ƙarewa kamar yadda kike tsoro. Masu sana'ar kan ƙiyasta kimanin mita 5 na zaren sama a kowace sukar allura 1,000, ke nan zane mai suka 10,000 zai ci wajen mita 50, ƙullin mita 1,000 kuma zai daɗe yana yi miki aiki. Inda kuɗin ke tafiya shi ne yawan launuka. Fure ɗaya zai nemi kore iri biyu da ja iri uku, sai ki ga ido ya kai ki ga akwatin zare mai kala sittin, alhali rabinsu za su shekara ba ki kwance su ba. Ki fara da launuka goma zuwa goma sha biyu masu kyau, sauran ki riƙa saye in aiki ya nema. Kuma ki guji zaren da ba a san asalinsa ba don kawai ya yi arha. Yakan tsinke kowane 'yan mintoci, ya tara gashi a cikin keke, ya zuba a wanki. Araha ba ta ado, balle a sana'ar da ita kanta ado ce.

Takardar baya kuwa ita ce kashewar da ba ta yankewa, domin duk aiki ɗaya sai ya ci sabon yanki, kuma yankin dole ya fi firam ɗin da kike ɗaure yadi a ciki faɗi. Amfaninta shi ne ta riƙe yadin kada ya motsa ko ya tattare yayin da allura ke sukarsa sau dubbai a wuri ɗaya. Iri uku ce, kuma ba ki da zaɓin ki tsaya kan guda. Akwai wadda ake yagewa bayan an gama, ita ce ta yadi mai tauri wanda ba ya miƙewa. Akwai wadda ake yanke gefenta da almakashi a bar sauran a jikin tufa har abada, ita ce ta yadi mai talewa irin na rigunan yara masu laushi. In kika sa mai yagewa a irin wannan yadi, aikin zai fito da kyau ranar farko, amma wanki biyu ko uku sai sunan yaron ya karkace. Ta uku tana narkewa a ruwa, ana shimfiɗa ta a saman tawul don kada zaren ya nutse cikin gashinsa. Ga jarirai ma akan ƙara wani lallausan shafi da ake mannawa da dutsen guga a bayan aikin, don kada zaren ya riƙa sosa musu fata. Na daɗe a kan wannan ne saboda yawancin aikin da ke lalacewa a hannun sabon shiga, a nan matsalar take, sai a ɗora wa keke laifi.

Sai ƙananan abubuwa. Allurar surfani, wadda aka fi amfani da ita mai lamba 75/11, ana son a canza ta bayan kimanin awa 8 na aiki ko da ba ta karye ba, domin in bakinta ya dakushe ita ce ke tsinka zare. Akwai ƙaramin almakashi mai lanƙwasa na datse zare, da alli ko alƙalamin alama mai gogewa. Akwai yadin gwaji, don ba a fara sabon zane kai tsaye a kan tufar mutane. Akwai kuma kayan da za ki ɓata kina koyo, kuma za ki ɓata, kowa ya ɓata. Ranar da kika fara karɓar aikin waje, rigar da allura ta huda ke za ki biya. Shi kansa keken ana son ƙwararre ya buɗe shi ya duba kamar sau ɗaya a shekara in ana mora sosai. Ba irin keken ɗinkinki ba ne da za ki ɗiga masa mai ki ci gaba: wasu, har da na kamfanin Brother da dama, littafinsu ya hana mai shi sa musu mai da kansa. Ciki akwai allon lantarki, shi ya sa kafin ki zaɓi kamfani ki fara tambayar wa zai gyara miki shi kusa da ke, kuma ana samun kayan gyaransa. In daga wata ƙasa za a kawo miki, ki duba ƙarfin wutarsa, domin wanda aka yi don kasuwar Amurka yakan zo da volt 110 zuwa 120, ƙasashe da yawa kuma 220 zuwa 240 suke amfani da shi. Ki tanadi abin kare shi daga hawa da saukar wuta.

Yanzu ga wurin da mutane suka fi yin mamaki, wato zane. Keken surfani ba ya ganin hoto. Ba za ki ɗauki hoton tambarin wata makaranta a waya ki tura masa ya ɗinka ba. Abin da yake karantawa fayil ne da aka tsara masa inda allura za ta sauka suka bayan suka, ta wace fuska zaren zai kwanta, da inda za a canza launi. Kowane kamfani da nasa nau'in: Brother na karanta PES, Janome na karanta JEF, Husqvarna Viking da Pfaff suna da VP3, manyan injinan masana'anta kuma sun fi amfani da DST na kamfanin Tajima. Keken zai zo da wasu zane da haruffa a cikinsa, misali Brother PE800 yana da zane 138, kuma za su ishe ki sa sunaye da ƴan furanni na wani lokaci. Amma ranar da wata ta ce ga irin abin da take so, hanya uku ce a gabanki: ki sayi zanen da aka riga aka tsara a intanet, ki biya wanda ya iya ya mayar miki da hoton fayil, ko ki koyi tsarawa da kanki. Manhajojin da ake wannan aiki da su, irin su Hatch na kamfanin Wilcom da PE-Design na Brother, cikakkunsu kan yi tsadar da ta kai ta ƙaramin keke, kuma suna bukatar kwamfuta. Akwai Ink/Stitch, wadda kyauta ce, tana aiki a cikin manhajar zane ta Inkscape, sai dai tana son haƙuri da zama. Shawarata kada ki sayi manhaja ko ɗaya a shekarar farko. Tsara zane sana'a ce mai zaman kanta, in kika haɗa koyonta da koyon keke a lokaci guda, ga yara, za ki gaji ki ajiye duka biyun. Ki kuma sani ba a faɗaɗa zane yadda aka ga dama: in kika ƙara masa girma fiye da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a kan keke, sai zaren ya yi gibi-gibi. Sannan zanen da kika saya ki karanta sharaɗinsa, domin wasu don amfanin gida kawai aka yarda, kamar hotunan Disney da ke zuwa cikin wasu kekunan Brother, ba a yarda a sayar da abin da aka ɗinka da su ba.

Tunda kin ambaci karɓar aikin mutane, mu yi lissafin lokaci, don shi ne kuɗin da ba a rubuta wa rasit. PE800 iyakar gudunsa suka 650 a minti ɗaya. Zane mai suka 10,000 zai ɗauki minti 15 da ɗoriya in bai tsaya ba, a ƙaramin keke mai gudun 400 kuma minti 25. Amma keke mai allura ɗaya duk lokacin da launi ya canza sai ya tsaya, ki zare zaren ki saka wani da hannunki. Zane mai launi shida ke nan tsayawa biyar. Ki haɗa da auna wuri, ɗaure yadi a firam, datse zare, cire takarda da guga, za ki ga riga ɗaya ta kusa cinye miki awa guda, kuma ba aikin da za ki kunna ki tafi wani ɗaki ba ne. Don kayan yaranki da aiki biyu ko uku a rana, wannan ya wadatar. Amma in aka kawo miki riguna hamsin a ce ana so jibi, wannan aikin masu allura 6 ko 10 ne, kuma kuɗinsu ya ninka na gida sau da yawa. Ki kuma karanta takardar garanti, domin kamfanoni da dama sukan rage ko su janye shi in an yi kasuwanci da keken gida. Ban faɗi haka don in karya miki gwiwa ba. So nake ki san girman abin da za ki iya yi wa mutane alkawari.

Mu dawo kan maigida, don na lura shi ne ainihin abin da ya hana ki barci. Ba ki yi masa ƙarya ba, abin da kika sani kika faɗa. Amma daga ranar da kika gano sauran, shirun da za ki yi ya zama ɓoyo. Kuma irin wannan ba ya ɓoyuwa: zai ga ƙullin zare na shigowa, zai ga ranar da keken ya tsaya kina neman kuɗin gyara, ko ya ji maganar bashin Yaya a bakin wani. A ranar ba maganar keke za ku yi ba, maganar amana za ku yi, ita kuwa ta fi wuyar gyara. Ki duba ta ɓangarensa kuma. Mutumin nan bai ce ba ki iya ba, bai hana ki sana'a ba. Ya ga kuɗi sun kwanta a gidan wata, yana gudun naki su kwanta, kuma duk da haka da kika matsa ya amince. Wannan mai tsoron asararki ne. Ki sami lokacin da hankalinsa ke kwance, ki zo da takarda a rubuce: ga kuɗin keke, ga na kayan farawa, ga abin da zai riƙa ci duk wata, ga na gyara. Ki ce masa, “Maganar da ka yi ce ta sa na koma na bincika, ga abin da na samo, ina so mu duba tare.” Mai yiwuwa ya ce dama ya faɗa. Ki bar shi ya faɗa, kalma ce, ba za ta rage ki da komai ba. Wanda aka kawo wa lissafi tun kafin a kashe kuɗi yakan koma abokin shawara, wataƙila ma shi zai raka ki duba keken.

Ita kuma ƙawar taki, da ke da maigida duk kun mayar da ita misali, amma a wasiƙarki ban ga inda wani ya tambaye ta abin da ya faru ba. Ki je ki same ta, ba da sigar bincike ba, don mai yiwuwa abin na yi mata ciwo. Ki tambaye ta me ya tsayar da ita. In zare ne ke yawan tsinkewa ko yadi ke tattarewa, wannan rashin mai koyarwa ne, yana da magani. In firam ne ya yi mata ƙanƙanta, kin koyi abin da za ki guje wa. In masu kawo aiki ne babu, to wannan labari ne da ya shafe ki kai tsaye, ki saurare shi da kyau. Daga nan ki roƙe ta ta bar ki ki koya a kan nata na wata ɗaya ko biyu, ke ki sayi zare da takarda da allura, ki kuma ba ta wani abu na haya ko da ta ce a'a. Ku yi magana tun farko kan wa zai biya in ya lalace a hannunki, don kada keke ya raba ku. Gani ya kori ji: a cikin wata guda za ki san ko kina jin daɗin aikin ko hotonsa kawai kike so, za ki san ainihin abin da yake ci, za ki kuma sami kayan da za ki nuna wa mutane. Ba mamaki ita ma ta dawo kan kekenta, ko ta sayar miki da shi da sauƙi.

Bashin Yaya, ki yi mata godiya sosai, amma ki bar shi a matsayin na ranar larura. Kayan da ba a fara samun kuɗi da shi ba sai bayan watannin koyo, ba a cika so a ɗauke shi da bashi, domin biyan zai riƙa fitowa daga kuɗin gida, ga nauyin 'yan'uwantaka a kai. In ma daga baya kika karɓa, da sanin maigida, a rubuta nawa ne da yaushe za a biya.

To da kuɗin da ke hannunki fa? A ganina kada keken ya ci fiye da kashi biyu cikin uku na abin da kika tara, sauran ki bar shi don kayan farawa da gyara. In wanda kike so bai shiga wannan ma'auni ba, ko dai ki ƙara 'yan watanni kina tarawa, ko ki sauko. Wajen saukowa, abin da ya fi komai muhimmanci shi ne faɗin filin da keken ke iya ɗinkewa, don ba a ƙara shi daga baya. Ƙananan irin su Brother PE535 da SE600 iyakarsu santimita 10 da 10, wanda ya ishi suna da ƙaramin fure, amma mutane kan yi saurin ƙosawa da shi. PE800 yana kai 13 da 18, Janome 400E kuma 20 da 20. Ga mai niyyar karɓar aiki, ni 13 da 18 nake ganin shi ne mafi ƙaranci. Tunda kina da keken ɗinki, kada ki biya kuɗin wanda ya haɗa ɗinki da surfani, mai surfani zalla ya ishe ki. Ki tabbata yana karɓar filash, don shigar masa da sabon zane. Na hannu ma ba laifi ba ne, in dai za a kunna shi a gabanki ya ɗinka zane ɗaya daga farko har ƙarshe. Da yawansu suna nuna jimillar sukar da suka yi tun da aka saye su a cikin saitinsu, ki duba, ki kuma tabbata firam da sashen da ke jan firam ɗin duk suna nan, don sayensu daban yana da tsada.

Akwai kuma wata hanya da ba ta bukatar keke ko kaɗan a yanzu. Ki riƙa ɗinka kayan yaran da kekenki, ki kai wa mai injin surfani ya sa suna, ki sayar. Ribar ba za ta yi yawa ba, amma za ki san ko akwai masu saye, nawa suke iya biya, kuma wane irin aiki suka fi nema. In lokacin sayen naki ya zo, duk aikin da kika yi ki lissafa zare da takarda da allura da lokacinki a cikin farashi, ki kuma ware wani abu a gefe don gyara tun daga aikin farko, har da wanda kika yi wa dangi.

A wannan makon abu biyu kawai nake so ki yi, a jere: ki ziyarci ƙawarki, sannan ki zauna da maigida da takardar lissafinki da abin da ta gaya miki. Mai sayarwa ki ce masa kin gode, za ki neme shi in kin shirya. In kin ji dalilin da ya sa ta lulluɓe nata, ki sake rubuto mini tare da sunan keken da lambarsa, mu duba ko shi ya kamata ki saya ko wani. Allah Ya sa albarka a abin da kika tara, Ya raya yaran.